Daga Kano zuwa Kumasi: neman kakata a kundin mamata

A Kumasi aka haifi mahaifina, a can ya yi wayo, a can kuma aka binne mahaifiyarsa. Kakanmu ɗan kasuwar goro ne daga ƙasar Bebeji, cikin waɗanda suka gaji hanyar Gwanja daga iyayensu, ya zauna a zangon Kumasi har ya yi aure ya hayayyafa. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Ghana. Kaka ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya riƙo hannun ɗansa suka hau babbar mota. Suka baro yarinya ƙarama, ƙanwar Baba, a hannun dangin uwarta, da niyyar in ƙura ta lafa a koma a ɗauko ta. Kaka ya rasu ba a koma ba, wasiƙu suka yanke, waɗanda suka san gidan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya fitar da ni daga gida.

Kafin in tashi na zauna da Baba da littafi da biro. Bai san shekarar da mahaifiyarsa ta rasu ba, kuma bai taɓa furta sunanta a gabanmu ba. Da na roƙe shi, sai ya karɓi biron ya rubuta mini shi da ajami, ya miƙo ba tare da ya ɗago kai ba. Abin da ya riƙe ya fi shekara amfani. Ya ce tana da rai lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kumasi, don ita ta riƙe hannunsa a bakin titi. Ya ce da azumi ta rasu, ana tsananin hunturu, bayan haihuwar ƙanwarsa a babban asibiti. Ya ce kuɗin da aka raba na sadakar uku fam da sule ne. Sarauniya ta je Ghana a Nuwamban 1961, sidi kuma ya maye gurbin fam a Yulin 1965. Na duba lissafin watanni, na ga azumin waɗannan shekaru duk tsakanin Janairu da farkon Maris ya faɗo. Ke nan ba shekara huɗu cur zan bincika ba, wata huɗu ne kawai: azumin 1962, da na 1963, da na 1964, da na 1965. Duk mai niyyar irin wannan tafiya, ya fara yin wannan zaman da dattawansa tun suna nan, don babu ma'aikacin da zai buɗe maka tarin kundaye a kan "wajen zamanin Nkrumah ne".

Na tanadi fasfo da katin rigakafin shawara, na hau doguwar motar dare zuwa Legas a kan kusan naira 45,000. Zariya da Kaduna da Abuja duk cikin duhu muka wuce su, Lokoja muka ci abinci, sauran hanyar gyangyaɗi ne da ciwon gwiwa.

A Agege na sauka, wurin 'yan goro, inda sunan kakanmu bai buɗe mini ƙofa ba amma sunan garinmu ya buɗe. Wani dattijo mai rumfa ya ba ni tabarma a ɗakin ajiyarsa, ƙamshin ɗanyen goro da ganye ya cika ko'ina. Da dare ya yi mini bayanin yadda hanyar ta juya. Da can ayari ne na jakuna daga Kano zuwa Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja a arewacin Ghana, madugu a gaba, tafiyar watanni. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da Kintampo da sauran garuruwa, Turawa suka shiga Kumasi a 1896, zango ya kafu ya bunƙasa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano wajen 1911, sai goro ya koma bin ruwa zuwa Legas, daga nan a loda shi a jirgi. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya. Daga baya Yarabawa suka shuka irin goron Gwanja a yankin Agege da Shagamu, har ya zama ba lallai sai an ƙetara ba. Dattijon ya rubuta mini lambar wani abokin cinikinsa a Nima, wata unguwar zango a Akra, ya ce, "Ɗana, in ka isa ka ce ni na turo ka. Zumunta a ƙafa take."

Daga tashar Mile 2 a Legas na shiga ƙaramar mota zuwa Seme, iyakar Najeriya da Benin. Tazarar ba ta da yawa, amma shingayen masu kaki iri-iri sun sa ta zama tafiyar wuni, musamman daga Badagry zuwa gaba, inda kafin direba ya sa giya ta uku ya sake taka birki. Ginin iyakar Seme da Krake sabo ne, na haɗin gwiwa, wanda Shugaba Buhari da Shugaba Talon suka buɗe a 2018. Iyaka uku ake ƙetarewa kafin a taka Ghana, kowace da fita da shiga. A takarda ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, kuma haka ne, ba wanda ya tambaye ni ita. Amma a wasu tagogin ba a buga hatimi sai an ga wani abu a cikin fasfo, mai sabon fasfo kuma irin nawa kuɗinsa ya fi na kowa. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, ba don yawan kuɗin ba, sai don wata tsohuwa da ke gabana mai ɗauke da buhun kuka da kuɓewa, wadda aka tsayar a rana har sai da muka haɗa mata.

Kwatano garin babura ne, 'yan acaɓarsu da riguna ruwan ɗorawa, sefa 500 ta kai ni tasha. Masu canjin kuɗin da na tarar a kowace iyaka akwai Hausawa ko Zabarmawa a cikinsu, don haka ban rasa wanda zan yi wa sallama ba. Bayan Ouidah hanya ta matso bakin teku, bishiyoyin kwakwa a jere, ruwa har iyakar gani. Togo kuwa faɗinta ta bakin teku bai fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, muna barin Hillacondji muka ratsa Aneho, kafin in gama cin burodin da na saya mun shiga Lome. Da shiga Togo ake mai da agogo baya da awa ɗaya. Iyakar Aflao a jikin birnin Lome take, ka fito daga titin gari ka shiga Ghana da ƙafa. Na tsaya a wurin na ɗan jima, domin Baba ya sha ba mu labarin kwanakin da suka yi a wannan iyaka a 1969, a fili, mata da yara a kan ƙullin kaya, ana jiran a buɗe hanya. Ban manta kuma cewa a 1983, zamanin Shagari, ta nan 'yan Ghana suka koma gida da nasu ƙullin bayan mu ma mun kore su ba. Abu ɗaya aka yi wa talakawan ƙasashen biyu.

A Sogakope, kusa da gadar kogin Volta, aka sauke mu aka duba takardu aka mai da mu mota, ba wanda ya nemi ko sisi. Da magariba muka ratsa Tema muka shiga Akra.

Nima ta karɓe ni kamar na sauka a Fagge: kiran salla daga kowane lungu, masu shayi, masu tsire, Hausa a bakin Dagomba da Kotokoli da Mosi da Zabarmawa. Mutumin da aka tura ni wurinsa ya sama mini ɗaki a wani ƙaramin masauki, sidi 200 a dare, da fanka da ruwa a bokiti. Da safe kokon Hausa ne mai citta da barkono da ƙosai, wanda duk Akra ke layi a kansa, Kirista da Musulmi. Da rana shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har ta yi ja, a zuba mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da baƙin yajinsu mai kifi da ake kira shito. Tuwon zafi da miyar ayoyo shi ya fi kama da na gida. Na yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe a 2021. Abu ɗaya da ya rikita ni a kasuwa shi ne tsofaffi har yanzu da tsohon kuɗi suke lissafi. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga sidi, amma mai goro sai ta ce maka dubu hamsin, tana nufin sidi biyar.

Ɗan mai masaukina, matashi mai karatun jami'a, shi ya raka ni hedikwatar ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. A nan na fahimci abin da ya sauya mini tsarin bincike gaba ɗaya. Rajista a wannan ƙasa da mutuwa ta fara. Dokar farko ta 1888 dokar maƙabartu ce, damuwar Turawa ita ce su san wa ya mutu, me ya kashe shi, ina aka binne shi, saboda tsoron annoba a garuruwan da suke zaune. Sai a 1912 aka yi dokar da ta haɗa haihuwa da mutuwa da binnewa, ita ma a wasu garuruwa kawai take aiki. Dokar 1965 ce ta shimfiɗa rajista a kan ƙasar baki ɗaya, aka sake sabunta ta a 2020. Ma'aikaciyar da ta saurare mu, mace mai haƙuri, ta ce in dai a cikin gari mutum ya rasu, musamman a asibiti, da wuya a rasa shi a kundi, domin ba a ba da gawa ko a haƙa kabari a maƙabartar hukuma sai da takardar izinin binnewa. Haihuwa kuwa, wadda aka yi a ɗaki a hannun ungozoma, ba abin da ke tilasta wa uba zuwa ofis. An yi suna, an yanka rago, liman ya yi addu'a, magana ta ƙare. Ta ce in nufi Kumasi, inda abin ya faru, in fara da kundin mamata.

Ta kuma tambaye ni a natse ko takardar zama ɗan ƙasa nake nema. Na ce a'a, kakata nake nema. A hanya abokin tafiyata ya bayyana mini dalilin tambayar. A Ghana zama ɗan ƙasa ta jini ake gadonsa, daga iyaye ko kakanni, kuma a 2020 kotun ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa kaɗai ba ta tabbatar da shi. Mutanen zango da kakanninsu suka zo tun kafin a haifi ƙasar kanta suna shan tambayoyi a kan wannan in sun je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo. Don haka tsohuwar takarda a zango ba kayan tarihi kaɗai ba ce, dukiya ce da ake ɓoyewa a ƙasan akwati.

Na leƙa ma'adanar takardun gwamnati da ake kira PRAAD, don in san bambancin wuraren biyu. Kundin haihuwa da mutuwa yana hannun ofishin rajista. Ita ma'adana tana riƙe da fayilolin Disi, wato jami'in mulkin gunduma na zamanin Turawa, da littattafan kotu, da wasiƙun sarakunan zango, da makamantansu. A teburin da ke kusa da nawa akwai wata Baturiya da ke bin sawun kakanta, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa a Sekondi. Ta ce a Ingila da Wales tun 1 ga Yulin 1837 ake rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma daga ɗakinta take duba jerin sunaye a intanet, ta biya, a aiko mata da kwafi. Na yi shiru ina tuna namu. A Legas an yi dokar rajista tun 1863, amma dokar da ta ɗora aikin a kan hukumar ƙidaya ta ƙasa don kowa da kowa sai a 1992 ta zo. Tsararrakin iyayenmu a Arewa yawancinsu da takardar rantsuwar kotu suke yawo, shekarun da aka ƙiyasta musu ranar da za su shiga makaranta ko aiki. Ba ƙarancin son asali ne ya jawo haka ba, mu da maroƙi zai jero maka kakanni bakwai a tsaye. Amma abin da ke ka yana tafiya da mai kan, kuma mata su ne farkon waɗanda ke ɓacewa daga irin wannan jeri. Kowa a gidanmu ya san sunan uban kakan kakana. Sunan matar da ta haifi Baba kuwa sai da aka rubuta mini a ɓoye.

Daga tashar Circle a Akra na hau babbar mota mai sanyi zuwa Kumasi, sidi 150, tafiyar kilomita kusan 250. A Nsawam mata suka kewaye mu da burodi, bayan Suhum daji ya rufe hanya, gonakin koko a ƙarƙashin manyan itatuwa, duwatsun Nkawkaw da hazo a kansu. Ɗan Sahel bai saba ganin kore mai duhu haka ba. Muka wuce Konongo da Ejisu, garin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci yaƙi da Turawa, muka shiga Kumasi da la'asar. Kasuwar Kejetia ta fi ƙarfin kwatance, sai dai in ce na riƙe jakata da hannu biyu na bi bayan wani ɗan dako har bakin motar Aboabo. A nan na kama ɗaki kusa da masallaci.

Zangon Kumasi ba unguwa ɗaya ba ce. Akwai tsohon zango, da Sabon Zango, da Aboabo, da Asawase, da Alabar, da Akwatia Line. Limamin masallacin da nake salla ya gaya mini cewa annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta 1924 ce ta sa Turawa suka rushe wani sashe na tsohon zango suka gina sabo, kuma daga nan hukumar lafiyar gari ta ƙara tsananta lissafin gawa. Wannan tsanani da ya dami kakanninmu shi ne ya zama hanyata.

A ofishin rajista na yankin Ashanti na cika takardar neman bincike, na biya kuɗin da aka rubuta mini a rasit, aka haɗa ni da wani ma'aikaci da ya kusa ritaya. Baƙo ba ya shiga ɗakin kundaye, shi ke ɗaukowa ya duba. Muka fara da haihuwar Baba a tsakiyar shekarun 1950, ba a same ta ba, kamar yadda aka faɗa mini a Akra. Sai muka koma kan watanni huɗun nan. Da ya ga na kawo masa watanni maimakon shekaru, ya gyara zama, ya ce aikin zai yiwu.

Wahalar da ta rage ta suna ce. Akawun da ya riƙe alƙalami a wancan zamani yawanci Ashanti ne ko Fante, abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa da haruffan Turanci. Ibrahim ya zama Braimah, Hadiza ta zama Adiza, Husaini ya zama Fuseini, Sa'idu ya zama Seidu, Maimuna ta zama Memuna. Inda ake sa sunan dangi kuma, ga wanda ba shi da shi, sai a rubuta ƙabilarsa ko garinsu, ka ga Hausa ko Kano ko Moshie a matsayin sunan mahaifi. Ga kuma al'adarmu ta sakaya suna: mace tana da na yanka, tana da na rana irin su Ladi ko Lami ko Asabe, tana da wanda 'ya'ya ke kiranta da shi. Ba ka san wanne mai kai rahoto ya bayar ba. Na rubuta wa ma'aikacin duk siffofin da sunan zai iya ɗauka, na roƙe shi kada ya tsaya kan suna kaɗai, ya duba kowace mace Musulma mai shekarun haihuwa da ta rasu a babban asibiti cikin waɗannan watanni.

Azumin 1962 bai ba da komai ba. Aka ce in dawo. Da na koma, na tarar da shi ya sa tsinken takarda a tsakiyar wani babban kundi mai baƙin bango da ya fara cin gefe. Ya juyo mini da shi, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya na watan Fabrairun 1963, wanda ya yi daidai da Ramadan na 1382. Ga sunanta na yanka, an rubuta shi yadda ban taɓa zato ba, amma shi ne. Mace. Shekara ashirin da takwas, da alamar ƙiyasi. Ƙabila, Hausa. Sana'a, ciniki. Wurin rasuwa, babban asibitin Kumasi, wanda yanzu ake kira Komfo Anokye, tsofaffi kuma har gobe Gee suke ce masa, da sunan kamfanin da ya gina shi. Dalilin rasuwa, zubar jini bayan haihuwa. Wurin binnewa, Tafo. Na karanta layin ina maimaitawa, hawaye suka zubo mini, ban ɓoye su ba. Na girme ta yanzu da shekaru masu yawa. Ma'aikacin ya ba ni kujera, ya ce in sha ruwa, ya bar ni har na dawo cikin hayyacina.

Shi ne ya nuna mini gurbin da ya fi kowanne amfani ga mai neman dangi, wanda ido ke tsallakewa: wanda ya kawo rahoton mutuwar. Ba kakana ba ne. Wani ne da aka rubuta dangantakarsa da mamaciya a matsayin ɗan'uwa, sana'arsa fawa, da lambar gida a Aboabo, da dangwalen babban yatsa a madadin sa hannu. Baba bai taɓa ambata cewa kawunsa mahauci ne ba, yaro ne a lokacin, Kawu kawai ya sani. Na biya kuɗin kwafi mai hatimi, aka ce in dawo in karɓa.

Lambar gidan ba ta kai ni ko'ina ba, an sake lambobin unguwar tun tuni. Sana'ar ce ta kai ni. Mahauta ba sa ɓacewa juna, gidan fawa gado ne, kuma suna da sarkinsu. Liman ya haɗa ni da wani tsohon mahauci da ke zama a ƙofar gida da carbi, ido ya yi rauni amma kai garau. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan da ke cikin kundi. Ya yi jim, ya maimaita sunan yadda ake faɗarsa da Hausa, ya haɗa da laƙabin da aka san mutumin da shi a mayanka. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, tare muka yi aiki da 'ya'yansa. Kai wane ne nasa?" Da na ba shi labari, ya ce, "To ai marainiyar da ya riƙe tana nan Asawase, ta yi jikoki." Ya kira jikansa ya ce ya kai ni har ƙofa.

Na yi sallama a wani gida mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, irin ginin zango. Wata dattijuwa ta fito tana goge hannu a zani, ta bar tukunyar koko a wuta. Ban buƙaci kundi ba a wannan karon, goshin Baba ne da idanunsa. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, daga Kano nake. Ɗan yayanki ne ni." Ta dafa bango, ta ce in sake faɗa. Na sake faɗa, na ambaci sunan kakana. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, tana salati, matan gida suka fito suka kewaye mu. Ta san tana da wa a Najeriya, an gaya mata tun tana yarinya, har wani ɗanta ya taɓa zuwa Kano neman su ya dawo, don sunan Kano kawai ya riƙe, bai san Bebeji ba. Na kira Baba ta bidiyo na miƙa mata wayar. Ta ce, "Yaya." Ya ce, "Na'am." Daga nan ba wanda ya iya haɗa magana, sai ni na karɓa na yi ta bayani a madadinsu.

Na tare a gidan, suka hana ni komawa masauki. Wani dare Gwaggo ta buɗe akwati ta fito da takardar haihuwarta. An yi mata ita tana babba, lokacin da za ta nemi fasfon Hajji, bisa rantsuwar dangi. A gurbin mahaifi sunan kawun da ya riƙe ta ne, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairun 1965. Takarda ce ta hukuma, da hatimi da sa hannu, amma in wani jikanta ya ɗauke ta nan gaba ya bi, zai bi gidan da ba na kakansa ba, ya kuma rage mata kusan shekara biyu. Ba wanda ya yi nufin ƙarya, mutumin shi ya ci da ita ya aurar da ita, a idon kowa ubanta ne. Sai dai mai bincike dole ya duba abu biyu a kowace takarda: ranar da abin ya faru, da ranar da aka rubuta shi. Layin 1963 an rubuta shi cikin kwanakin rasuwar, daga bakin wanda ya ɗauki gawar. Takardar Gwaggo an rubuta ta bayan shekaru masu yawa, daga abin da aka iya tunawa. Ko a layin 1963 ɗin ma ba komai nake ɗauka daidai wa daida ba: rana da wuri da dalili daga asibiti suka fito, shekarunta kuwa ƙiyasin ɗan'uwa ne mai cikin jimami. A wannan dare Gwaggo ta san watan da aka haife ta, ta kuma san cewa cikin azumi ne.

Muka je Tafo da 'ya'yanta maza. Maƙabarta ce mai girman gaske, da sashen Musulmi, kuma kaburburan wancan zamani ba su da alama, ƙasa ta daidaita. Wani mai kula da wurin ya nuna mana ɓangaren da ake binnewa a farkon shekarun 1960, muka tsaya a nan muka yi mata addu'a da sauran Musulmin da ke kwance.

Na kuma gwada reshen PRAAD na Kumasi, da ke cikin harabar cibiyar al'adu, ko zan sami auren kakannina. Tun 1907 akwai dokar da ta ce a yi rajistar auren Musulmi a ofishin Disi cikin mako guda, ta hannun limami mai lasisi. Kaɗan ne suka bi ta, kuma nasu ba ya ciki. Amma fayilolin zango sun riƙe ni, ƙorafe-ƙorafen 'yan goro, da rigingimun sarauta, da batun Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, wanda gwamnatin Nkrumah ta kora zuwa Najeriya a 1957. Wanda kakansa ya taɓa shiga kotu ko ya sa hannu a wata takardar koke yana iya samunsa a nan ko da rajista ba ta san shi ba.

Na karɓi kwafi mai hatimi guda biyu, na bar wa Gwaggo ɗaya, babban ɗanta ya ce zai nemi shawarar lauya kan gyara takardarta ba tare da an jawo mata wata matsala ba. Ta haɗa mini goro da shito da atamfa ta kai wa Baba. Komowa ta hanyar da na bi ne, fasfo ya daina zama sabo, tagogin suka rage tsada.

Kafin in taso, tsohon mahaucin nan ya ƙara mini wani zare: ya ce kawun Baba da 'yar'uwarsa ba haifaffun Kumasi ba ne, daga Salaga aka kawo su suna yara. In ƙiyasin kundin ya yi kusa da daidai, wajen 1935 aka haife ta, kuma a can gidajen limamai da na masu unguwa za mu bi. Mun yi magana da ɗan Gwaggo, bayan babbar salla zan koma, mu bi ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, mu hau jirgin fito mu ƙetare Volta zuwa Makango, daga nan mota ta kai mu Salaga. Gwaggo kuma za ta riga ni tafiya, an fara haɗa mata kuɗin mota zuwa Kano.